Garin Katakon Baba

Sau goma sha ɗaya Injiniya tana fitar da falankin roba da garin katako daga inji, sau goma sha ɗaya yana karyewa kamar biskit. Roba da garin katako ba sa ga maciji da juna, wannan ta sani. Shi ya sa take zuba sinadarin da zai riƙe su, hannu ɗaya a roba, ɗaya a katako. A banza. Duk wanda ta karya, sai ta ga cikinsa fal ƙananan ramuka. Manaja kuwa, mutumin da haƙurinsa bai cika cokali ba, ya ce Alhamis ce ta ƙarshe. In ya sake karyewa, injin ya koma buga bokitai.

Ranar Laraba ta yi sammako shagon mahaifinta, wanda kafinta ne, inda take ɗaukar garin. Kullum a buhu take tarar da shi, an ɗaure. Yau sai ga tsoho da buta, yana yayyafa wa garin ruwa kafin ya sa tsintsiya.

"Baba, me kake yi?"

"Ƙura nake kashewa. Ke da ƙirjinki ba ya son ƙura tun kina goye, sai in ba ki buhu yana tashi?"

Ta dafe kai, dariya ta ƙwace mata, har da ƙwalla. Ruwan nan ne yake zama tururi a cikin inji, ya bar ramuka, ya hana sinadarin kamawa. Wata uku tana zargin littattafai, ashe butar Baba ce.

Ta sure buhu, ta nufi masana'anta ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. Yini guda garin ya yi a tanda yana bushewa.

Ranar Alhamis ta zo da tsohon. Aka ɗora sabon falankin da ta yi da busasshen garin a kan bulo biyu. Manaja ya hau, shiru. Baba ya hau kusa da shi, ya yi tsalle, ya ƙara, hula ta faɗi. Falanki ko gezau. Ma'aikata suka ɗau tafi.

Baba ya sauko yana haki, ya zaro wani ƙyalle daga aljihu ya miƙa mata.

"Ruwa dai na daina," in ji shi. "Amma ki riƙa ɗaura wannan a hanci."