Ranar da Ƙanƙara Ta Makara

Shekara ashirin da uku Zelinda Barbanti ta yi tana rera waƙa a gidan ofera, wato wasan kwaikwayo cikin waƙa, na garinmu, Castelvarno, kuma in ka ɗebe bango da kujeru, babu wanda ya taɓa sauraronta. Muryarta ba ta da aibu. Wurin da aka ajiye ta ne ya cuce ta.

Kowace ofera tana da waƙar ƙanƙara. Can wajen ƙarshen kashi na biyu, idan babbar zabiya ta gaji tana so ta sassauta ɗamara ta sha iska, sai a turo ƙaramar mawaƙiya mai fitowa a kuyanga ta tare gurbin. Daidai lokacin ake buɗe ƙofofi, masu talla su shigo da ƙanƙarar lemun tsami a 'yan kofuna. Nan take gida ya koma kasuwa. Cokula na ƙara, ana gaisawa daga bene zuwa bene, a ƙulla auren wannan, a warware na wancan. Mu mutanen Castelvarno muna alfahari da cewa duk Italiya babu mai kunnen waƙa irin namu, amma ban taɓa ganin wanda ya bar ƙanƙararsa ta narke saboda kuyanga ba.

Wannan waƙar ce rabon Zelinda tun tana budurwa. Buri ɗaya gare ta a duniya, a yi shiru sau ɗaya a ji muryarta kafin muryar ta tafi. Tafiyar kuwa ta kusa, don ta fara jin maƙogwaronta yana yi mata gardama da safe.

A shekararta ta biyar a aikin ne wata rana baiti ya ɓace mata. Don kada ta yi tsaye baki buɗe, sai ta rera abin da za ta saya a kasuwa: albasa, man zaitun, kifi biyu. Ko wanda ya ɗaga kai babu. Ta koma gida ta sha kuka. Washegari ta share hawaye ta sako sunan mai gidan hayarta a waƙar, ta wanke shi tas. Shiru kake ji, wato hayaniya kamar kullum. Tun daga ranar ta samu abin huce haushi. Duk gulmar da masu wanki da masu ɗinki suka kawo bayan labule, sai ta jera ta a kan karin waƙar, ta fito ta zazzage wa mutanen gari a fuskarsu, su kuwa suna lasar cokali. Masu goge sun sani, amma sun rufa mata asiri, don ita ce kaɗai nishaɗinsu a aikin.

Dabara biyu ta ƙara. Tana toshe kunnuwanta da auduga don kada ta ji ƙarar cokula, kiɗan kuma ta bi shi ta girgizar katako a tafin ƙafarta. Sannan ba ta kallon jama'a, sai ta kafa ido a kan babbar fitilar da ke rataye a rufi har ta gama.

A bazarar 1843, lokacin kasuwar shekara, mai gidan wasan, Sinyor Ermete Scarabelli, ya kawo sabuwar ofera. A ciki akwai waƙar kuyanga da ke roƙon teku ya dawo mata da ɗanta. Da Zelinda ta karanta takardar sai waƙar ta shiga ranta. Ba a taɓa ba ta abu mai kyau haka ba. Ta riƙa rera ta ita kaɗai a ɗaki, tana wanke kwanuka tana hawaye.

"Maigida, a matsar da ita gaba mana, ko da kaɗan ne," in ji ta. "Kafin a buɗe ƙofa."

"Haba, Zelinda! Ke ma kin san ba a yi," in ji Scarabelli. "Su masu ƙanƙara su ci me? Kuma wa zai gaya wa babbar zabiya, Sinyora Olimpia, an taɓa mata lokacin hutu? Ni ba ni da wuyan da zan ba ta ta shaƙe."

"To ai ba za su ji ba."

"Shi ya sa nake son aikinki. Shekara ashirin da uku, ko mutum ɗaya bai taɓa kawo ƙararki ba."

Ta fita rai a ɓace. Ta rantse ba za ta zubar da waƙar a ƙarƙashin cokula ba, za ta ba su abin da suka saba samu.

Abin da ba ta sani ba shi ne, ƙanƙarar garinmu daga kan dutse ake sauko da ita a bayan alfadarai, a naɗe cikin ciyawa, kuma ranar buɗe wasan ruwa ya cinye hanya, alfadaran suka maƙale a ƙetaren rafi. Sinyora Olimpia ta gama kuka a kan sarkin da ya yaudare ta, ta shige. Aka buɗe ƙofofi. Babu mai talla ko ɗaya. Mutum ɗari shida suka zauna hannu babu kofi, suka rasa yadda ake fara hira baki a bushe. Don rashin abin yi, sai suka juya suka kalli dandamali.

Zelinda ta fito da audugarta, ta kafa wa fitila ido, ta ɗauko:

"Matar alƙali, gashin kanki na wa?
Na ga irinsa a wutsiyar dokin ɗan sanda."

Shugaban masu goge ya yi ta kaɗa mata bakan gogensa, yana zare ido. Ina! Fitila take kallo. Ta gangara kan mai kantin magani da allin da yake daka wa marasa lafiya. Ta bi ta kan lauya mai cin gefe biyu. Ta sauka a kan Magajin Gari da 'ya'yansa biyar, uku da hancin mai gasa burodi.

Da farko gidan ya yi tsit. Sai matar mai kantin magani ta tuntsire da dariya a kan gashin matar alƙali, ba ta san baiti na gaba na mijinta ne ba. Daga nan kowa ya yi ta ƙyaƙyata na maƙwabcinsa, ya haɗiye nasa. Magajin Gari ya fi kowa tafi, don a cikin shewar bai ji nasa ba, mai gasa burodi kuwa ya sulale ya bar hularsa.

Da ta kai ƙarshe ta sauke ido, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Jama'a a tsaye, hannuwa na haɗuwa, ana jefo furanni. Ta zare audugar.

"Kuma! Kuma! A maimaita!"

Wallahi ta manta da abin da ta rera. Abu ɗaya ya cika mata zuciya: sun yi shiru, sun ji, suna son ƙari. Ta dafe ƙirji, ta yi wa masu goge alama, ta ɗauko waƙar gaskiya, ta uwa da teku. Ina wurin, kuma na ji manyan zabiyoyin Milan da Naples, ban taɓa jin an rera abu kamar yadda ta rera baitin farkon nan ba.

A baiti na biyu wani ya yi tari. Daga bene na sama wani ya ce, "Ba wannan ba, Inna! Ta gashin doki!"

"Ina ruwanmu da ɗanki? Koma kan lauya!"

Ana cikin haka alfadaran suka iso. Masu talla suka ɓarko da gudu, kofuna na karo da juna. Zelinda ta ci gaba, kunne a buɗe, tana jin kowane cokali ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ƙarshen waƙar ba ta yar da baiti ko ɗaya ba. Ba wanda ya lura ta gama.

A bayan labule Scarabelli ya tare ta, fuska kamar an yi masa albishir da ɗa namiji.

"Zelinda! Ashe haka kike, kika ɓoye mini? Daga gobe sunanki na saman takardar sanarwa, da manyan baƙaƙe. Matar alƙali ta aiko, ta ce a saka surukarta. Lauya zai kawo sunaye huɗu. Ta tekun nan dai a yar da ita, tana kashe wa mutane jiki."

"Maigida," ta ce a hankali, "muryar fa? Yaya ka ji ta?"

"Wace murya?"

Ta dube shi. Audugar na nan dunƙule a tafin hannunta, ta jiƙe da gumi. Ta raba ta biyu, ta mayar da ita kunnuwanta, shi kuwa yana ta lissafa mata waɗanda za a zaga gobe.