Na'urar Ɗumame ta Baba Direba

Fuskar 'yarta ta sake daskarewa a kan waya, baki a buɗe, magana ta tsaya a tsakiya. Tela ta ajiye almakashi, ta fita ta buga ƙofar maƙwabcinta.

"Baba Direba, ka sake katse min yarinya."

Tsohon ya leƙo da cokali a hannu. "Yi haƙuri, 'yata, yanzu zai yi ƙara. Ki ce mata cikina ne ya shiga layi."

Tun rasuwar matarsa bai ƙara kunna risho ba. Ɗansa da ke wani gari ne ya aiko masa da maikirowef, na'urar ɗumama abinci, ya jingina ta da bangon da ya raba ɗakunansu. A bayan bangon kuwa akwatin wayifai ɗin Tela yake, mai ba ta intanet. Da yamma ta yi, shi ya ɗumama abincinsa, ita 'yarta ta kira, sai intanet ya ɗauke.

"Mama, ki matsar da akwatin can bakin taga mana," in ji 'yar.

"Zan matsar."

Ba ta matsar ba. A benen nan babu mai buga ƙofar wani, shi ma Baba ba ya samun baƙo sai ita da ƙorafinta.

Wata yamma suka yi ta hira, har 'yar ta ce, "Kwana biyun nan hotonki tas, Mama. Kin gyara ke nan?"

Tela ta dubi bangon. Ta miƙe ko sallama ba ta yi ba.

Ta buga, ta kira, shiru. Maigadi ne ya ɓalle ƙofar. Baba yana zaune a kujerarsa, kansa ya langaɓe a kafaɗa, cokali a ƙasa. Abincin yana cikin na'urar a faranti, ya yi tsami.

Bayan an kai shi makwancinsa, ɗansa ya tsaya a tsakar ɗakin yana juya makulli a hannu.

"Anti, yana samun mai yi masa magana kuwa?"

"Kullum muna faɗa," ta ce.

Ya gyaɗa kai, ya juya mata baya.

Da danginsa suka kwashe kaya, sun manta farantin. Tela ta wanke shi, ta tsaya a baranda tana neman wanda za ta miƙa wa. Duk ƙofofin a rufe suke. Ta kife shi a kan tagar Baba, ruwa na ɗiga daga gefensa.