Tambulan na Farko na Inna Ne

Tun ranar da na roƙi Baba ya bar mini shagonsa in riƙa buɗewa da yamma na san na jawo wa kaina ciwon kai, sai dai ban zaci zai kai haka ba.

Shagon gahawar Baba shi ne ɗakin gaban gidanmu a Buon Ma Thuot. Da asuba yake buɗewa, tsofaffin unguwa su jeru kan 'yan kujerun roba suna kallon gahawa tana ɗiga daga matata kamar wani babban aiki suke yi. Rana na take tsaka sai ya ja ƙofar ƙarfe ya kulle, daga nan ɗakin ya zama na kyankyasai har gari ya waye. Ni kuwa na dawo daga birnin Saigon, inda na yi shekaru ina haɗa abin sha a wani otal, ba ni da aikin yi sai kallon wannan ƙofa a rufe. Yayana Khoa ma ya sa wa ɗakin ido, shi wankin babur yake so ya riƙa yi a ciki.

"Me za ki sayar?" in ji Baba, bai ko ɗago daga kaskon da yake suyar gahawa ba.

"Espresso martini, Baba."

"Mene ne kuma wannan?"

"Gahawa ce mai ƙarfi, a zuba mata bodka da ɗan zaƙi, a girgiza da ƙanƙara har kumfa ta taso a sama. Nan take ake sha, da sanyinta."

Khoa yana gefe yana sakace, ya tuntsire da dariya. "Wato gahawa da giya ke nan. Diep, ai Baffa Lanh tun kafin a haife ki yake wannan haɗin. A cikinsa yake girgizawa."

"Yaya, da kai nake magana?"

Baba ya juya ludayinsa ya ce, "Ranar tunawa da rasuwar mahaifiyarku ta kusa. Dangi duk za su zo. Ki haɗa shi ranar."

Na ji kamar an riga an miƙo mini makulli. Abin da na haɗa sau dubu ne zai gagare ni? Na zo da kwalbar bodka guda daga Saigon, da ta giyar gahawa mai zaƙi, da gwangwanin girgizawa, da tambulan mai dogon wuya da na naɗo cikin riga. Injin matse gahawa ne kawai babu, kuma a gidanmu ambatonsa ma zagi ne. Matatar ƙarfe muke da ita, wadda ake ɗorawa a bakin kofi a zauna jiranta.

Gwajin farko ya fito kamar ruwan kwata. Ɗanɗano ba laifi, amma saman fayau, ko ɗigon kumfa babu. Ai kuwa abin nan in ba kumfa, ba komai ba ne, kumfar ce ake fara gani, ita ce ke taɓa leɓe. Na ce gahawar ce ta huce wurin jiran ɗiga, sai na zaunar da kofin cikin kwanon ruwan zafi yadda tsofaffi ke yi da damina. Na girgiza har kafaɗata ta yi ƙara. Kumfa ta taso kaɗan, ta dube ni, ta koma. Na ninka garin gahawar, na sauya ƙanƙara, na wanke gwangwanin da ruwan zafi, na zage shi da duk zagin da na koyo a birni. Bodka kuwa sai raguwa take yi, kuma irinta ba a samun ta a unguwarmu.

Ina wanke kofi ne na ga maiƙo yana kyalli a bakinsa, sai na tsaya cak. Man shanu! Baba da man shanu yake soya gahawarsa, shi ya sa ƙanshinta ke tare mutane tun daga kan kwana. Na taso cikin wannan ƙanshi har na daina jin sa, ashe shi ke kashe mini kumfa. Haushin kaina ya kama ni, na Baba ma ya kama ni ba gaira ba dalili.

Na ɗebi ɗanyar ƙwaya a buhunsa na soya da kaina, ba mai ba komai. Ya shigo ya shinshina hayaƙin, ya dubi kaskon kamar ya kama ni ina dafa takalmi.

"Haka suke sha a can? Gaya, ba mai?"

"Don kumfa ne, Baba."

"Don kumfa," ya maimaita, ya fita.

Amma ta yi. Kumfa ta taso mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, ta zauna daram har na ɗora mata ƙwayar gahawa ba ta nutse ba. Na ɓoye ragowar bodkar a bayan tulun shinkafa.

Ranar taron, tun da sassafe gida ya cika. Gwaggo Tuyet, yayar Baba, ta karɓe madafa kamar kullum tana ba da umarni da wuƙa a hannu. An dafa kaza, an yi shinkafa mai danƙo, an jera komai a kan teburin magabata, inda ake ajiye wa mamatan gida abinci, gaban hoton Inna. Maza sun baje a tabarma suna jira. Ni na laɓe a lungu da matata biyu, ina tsare su daga gwiwar Gwaggo.

Da lokaci ya yi na zuba komai a gwangwani na girgiza da duk ƙarfina. Na tace a tambulan, na ɗora ƙwayoyin gahawa a kan kumfar. Ban taɓa haɗa wanda ya kai shi kyau ba, ko a otal. Na ɗauko shi da hannu biyu na nufi Baba.

Gwaggo ta tare ni a ƙofa. "Ina za ki da shi?"

"Wurin Baba. Gwaggo, ba ni hanya, yanzu ake shan sa."

"Yau ranar wa ce? Kin je birni kin bar hankalinki a mota? Sabon abu ya fito daga madafar gidan nan, uwarki ba ta taɓa ba, ki kai wa rayayye?"

"Zan haɗa mata wani, Gwaggo, don Allah. Wannan ba ya jira."

"Au, ita ce za ta jira?"

Ta zare tambulan ɗin daga hannuna, ta kai shi tsakanin kaza da ayaba ta ajiye. Baba ya tashi ya kunna tsinkayen turare, ya sunkuya, ya soke su a tokar kasko. Shi ke nan magana ta ƙare. Abin da ya hau teburin nan ba ya sauka sai turare ya cinye, ko ɗan yaye ya san wannan. Ni ma na sani, ni ce kawai na manta, saboda hankalina duk yana kan kumfa.

Kuma Gwaggo dogayen turare ta sayo, irin masu kauri na ranar biki.

Na yi gaisuwata a gaban hoton, na koma jikin bango na tsaya ina kallo. Rufin kwano ya ɗau zafi. Tambulan ya fara gumi, ruwa na gangarowa a wuyansa. Kumfar ta soma ramewa daga gefe, ta ɓule a tsakiya, ƙwayoyin gahawar suka karkata suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Turare kuwa ko rabi bai ci ba. Ban taɓa jin haushin Inna ba tun da ta rasu sai ranar, kuma kunyar wannan haushi ta ƙara ƙona mini rai.

Na lallashi kaina da cewa akwai ragowar bodka, zan haɗa wani. Amma turare na mutuwa Gwaggo ta ɗora mini tire. Kai wannan, dawo da wancan, yanka kaza, ƙaro miya, ina tsinken cin abincin Baffa? Da na samu na kuɓuce na zura hannu bayan tulun shinkafa, wayam.

Daga tabarma na jiyo ihun maza suna haɗa kofuna. Na leƙa, ga kwalbata a hannun Baffa Lanh, ƙanin Baba, yana ɗiga ta ƙarshe a kofinsa.

"'Yar birni!" ya kwala mini kira, fuskarsa jajur. "Wannan giyar taki ba ta da ɗanɗano, amma tana aiki!"

"Baffa, wa ya ba ka?"

"Gwaggonki ta gani wurin ɗibar shinkafa. Ke kuma, ranar taro ake ɓoye kwalba? Wa kika ajiye wa, ɓeraye?"

Kowa ya yi dariya, har da Khoa, wanda na tabbata ya san kwalbar mece ce. Na so in kifa masa kwanon miya a ka.

Baba ya sa aka sauko masa da tambulan ɗin. Abin da ke ciki ya zama baƙin ruwa mai ɗumi. Baffa ya ce a jefa ƙanƙara, wani ya ce ai madarar gwangwani ce babu, kafin in buɗe baki an zuba duka biyun an juya da cokali. Aka zagaya da shi kowa ya kurɓa. "Ba laifi," in ji wani. "Gahawar dai ba ta kai ta babanki ba."

Da la'asar baƙi suka watse. Na samu Baba shi kaɗai a shago, ƙofar a rabin buɗe, tambulan ɗin a gabansa ba komai a ciki.

"Baba, abin da kuka sha ba shi ba ne. Ka ba ni lokaci in aika a kawo wata kwalbar, ka sha shi yadda yake."

"Na gan shi yadda yake," ya ce. "Ina tsaye a gabansa lokacin da aka ajiye. Ya yi kyau ƙwarai."

"To shagon fa?"

Ya juya tambulan ɗin a kan tebur. "Na Khoa ne. Tun kafin ki dawo na faɗa masa. Shi zai riƙa kunna mana turare in na bi mahaifiyarku, wanda ke riƙe da teburin kuwa shi ke da gaban gida. Haka aka yi mini, haka aka yi wa kakanku."

"Ka sani tun farko, ka bar ni ina soya ƙwaya ina karya kafaɗa? Don me, Baba?"

"Mahaifiyarki har ta kwanta ciwo tana tambayata wane irin aiki kike yi a Saigon. Ni ban sani ba, sai in ce mata kina sayar da gahawa." Ya share bakinsa da bayan hannu. "Na so ta gani da idonta."

Haushin bai tafi ba, yana nan a ƙirjina, sai dai na rasa wanda zan sauke wa. Na ɗauki tambulan ɗin na riƙe.

"Baɗi ma zan haɗa mata," na ce. "Amma daga Saigon zan zo."

Baba ya dubi titi ta ƙasan ƙofar.

"To ki riƙa yankar tikiti da wuri," ya ce. "Motar lokacin nan cika take yi."