Ranar da Hajiya Fatsima Ta Sauke Tayoyin Jirgi

Shekara ashirin da biyu Hajiya Fatsima ta yi tana sayar da atamfa da turaren wuta a unguwar La Guillotière ta birnin Lyon, kuma duk zuwanta Paris a jirgin ƙasa ne. Sai ga shi ranar sunan jikanta a Montreuil, gefen Paris, ma'aikatan jirgin ƙasa sun tafi yajin aiki. 'Yar ƙanenta Mutmainna, injiniyar da ta koyi tuƙin ƙaramin jirgin sama a wani kulob a gefen Lyon, ta ce, "Gwaggo, shirya in kai ki."

Hajiya ta ga jirgin, kujera huɗu, ta ce ai motar maƙwabcinta ta fi shi girma. Ta dai yi bisimilla ta shiga. Kafin a yi nisa har ta saki jiki, tana leƙen gonaki tana tambayar me suka shuka.

Sun kusa ƙaramin filin da za su sauka a wajen Paris, Mutmainna ta ja wani maɓalli, ta saurara, ta sake ja. Shiru.

"Lafiya?"

"Tayoyin ne suka ƙi fitowa, Gwaggo. Injin da ke turo su ya tsaya."

Hajiya ta ce, "To da me za mu sauka? Da ƙafafunmu?"

"Akwai famfon hannu, ga shi tsakaninmu. Ni zan riƙe jirgi in yi magana da hasumiyar da ke kula da saukar jirage. Ke ki yi ta bugawa har fitilar nan ta yi tsanwa."

Hajiya ta tuɓe awarwaronta, ta naɗe hannun riga, ta kama ƙarfen. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, tana salati. Tun tana yarinya a Tahoua take buga famfon rijiya, hannun bai manta ba. Wajen bugu na talatin ƙarfen ya yi tauri, gumi ya jiƙe mata ɗankwali. Ta danne shi da hannu biyu. Wani abu ya ce ƙwas a ƙarƙashinsu, fitila ta kama.

Suka ratsa ta gaban hasumiya a hankali, mutumin ciki ya duba da madubin hangen nesa, ya ce tayoyin duka ukun sun fito. Jirgi ya taɓa ƙasa lafiya lau, motar 'yan kwana-kwana na biye da su.

Da suka fito, sai Hajiya ta ga Mutmainna ta jingina da jirgin tana ta hamdala. Ta rungume ta. "Ashe ke ma kin ji tsoro, 'yar nan?"

"Sosai, Gwaggo."

Suka tuntsire da dariya har 'yan kwana-kwanan suka taya su.

A Montreuil an riga an raɗa wa yaro suna Affan. Aka miƙa wa Hajiya shi, ta ce a aza mata a cinya, kafaɗunta sun yi tsami. Mata suka kewaye ta, tuwo na hucewa, ta gyara zama ta faro labari tun daga Lyon.