Kwalaben Zakiya a Gindin Randa

Da Zakiya za ta tafi Salaga sunan jaririn yayarta, sai ta bar mini kwalabe guda uku na wani farin gari. Ni, mai sayar da albasa a kasuwar Yendi.

Zakiya 'yata ce, sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mama nake ce mata. Harhaɗa magunguna take karanta a jami'a. Ta yi mini bayani a tsaye, jaka a kafaɗa: maganin kumburin gaɓoɓi, irin wanda nake sha don gwiwata, ba ya narkewa sosai a ciki. Ita kuma ta gauraya shi da wani abu mai kama da ƙaro, folima take ce masa, wanda ke riƙe shi a warwatse har ya narke da wuri. Aikinta na shekara guda ke nan, da shi za ta gama makaranta.

"Baba, wuri mai sanyi, busasshe."

Na ce to. Rabin maganar na riƙe, kamar yadda na saba.

Da rana ta take aka ɗauke wuta, ɗaki ya koma tanda. Hankalina ya tashi. A gidanmu, tun zamanin kakata, duk abin da ake so ya yi sanyi gindin randa ake kai shi, cikin jiƙaƙƙen yashi. Na tona na binne kwalaben har wuya, na ƙara yayyafa ruwa. Kullum da safe sai na sake yayyafawa, ina jin kaina wani babban likita.

Ranar Alhamis ta bugo waya.

"Baba, ina ka ajiye su?"

Na faɗa mata, har da alfahari. Ina jiyo kiɗan mata ta bayanta.

"Laima ce ke kashe shi, Baba. In danshi ya shiga, maganin sai ya rabu da folimar ya dunƙule, ya koma yadda yake."

Ni fa, mutumin da ya yi shekaru yana zagin direbobin da ke ɗauko kaya daga Bawku don sun bar ruwa ya taɓa masa buhun albasa, shi ake gaya wa wannan.

Na ruga, gwiwa na ƙara, na tono kwalaben. Biyu garin na zuba lafiya in na karkata su. Ta ukun, wadda murfinta bai zauna daidai ba, ta kame kamar sukarin da ya kwana a buɗe. Na ɗauko cokali.

Matata Abiba ta riƙe mini hannu. "Malam, me za ka yi?"

"In ɗan farfasa."

"Ajiye. Ɓarnar da ka yi ta isa."

Washegari Zakiya ta iso. Ta gaishe ni har ƙasa, abin da ya fi zagi ciwo. Ta ɗaga kowace kwalba ta duba a hasken taga.

"Wannan ta tafi, sai na sake haɗawa. Biyun, sai na auna a makaranta zan sani."

"Mama, za ki gama bana?"

"Ban sani ba, Baba."

Da na raka ta tasha za ta koma makaranta, na miƙa hannu in karɓi jakar da kwalaben ke ciki. Ta mayar da ita ɗaya kafaɗar, ta ba ni ledar burodi in riƙe.