Mazarin Gindin Kanya

Haulatu ta riga mahaifinta isa bakin rafin. Ta hau dutsen wanki ta tare hanya, littafinta a hammata.

Malam Harisu ya gangaro daga gonar wake goye da famfon feshi, warin magani na biye da shi. Tun da ya sayo famfon a kasuwar Baure, a nan yake ɗauraye shi.

"Matsa mini, uwata." Sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Ba a nan ba, Baba."

Shekara uku ke nan duk hutun makaranta tana wurin nan, saboda wani siririn mazari shuɗi mai haɗe fukafukansa a baya idan ya sauka, ba kamar manyan da ke baza nasu ba. A ciyawar ruwa yake ƙwai, 'ya'yan su yi watanni a ƙarƙashin ruwa kafin su yi fiffike. Duk tsawon rafin, gurbin nan da ke gindin wata kanya kaɗai ke kai rani bai ƙafe ba. Matan gari sun sa mata Likitar Ƙwari. Ta karɓi sunan, har ta rubuta shi a bangon littafin.

"Bara kin ce kar a sare kanya, na bari," ya ce. "Yanzu ruwan Allah ma sai da izininki?"

"Bara da ka wanke shi a nan, washegari tafin hannuna cike na kwashe 'ya'yansu matattu. A da mazari arba'in nake gani. Bana goma sha ɗaya."

"Ai ruwa ne mai gudu, yana tafiya da komai."

"Da tsakiyar damina ke nan. Duba yanzu."

Ya duba. Wani ganyen kanya na kwance a kan ruwan, ko motsi ba ya yi.

"To a ina zan wanke? Bayana ya gaji."

Haulatu ta cika bokiti, ta ɗora a ka, ta haura tudu har iyakar gonar. Sawu uku ta yi, zanenta sharkaf. Ya biyo ta yana gunaguni, wai kuɗin makaranta ya saya wa kansa ɗan sanda.

Ya tsuguna yana ɗauraya ke nan sai ga wani siririn shuɗi yana shawagi a kan bakin famfon. Malam Harisu ya saci kallon Haulatu, ya cire hularsa, ya kaɗa a hankali.

"Kai, koma gida," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kar ka ja mini faɗa da uwata."