Cigiyar Inna Habsu

Ni dai ban da haƙuri da masu kiran waya suna tambayar mutum wa zai zaɓa. Ina ruwanku? Amma Inna Habsu, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita a Bukkuyum, ba ta kashe wa kowa waya. Tun da ɗanta Sufyanu ya tafi haƙar zinari Bagega da damina, ba shi ba labarinsa, wayar nan tana ƙulle a haɓar zanenta.

Ana gab da zaɓe ta shigo gidanmu da sauri.

"Sahura, wata yarinya ta kira ni daga Abuja. Ta ce in hwaɗi abin da ya hi damuna, yau za a nuna a talabijin. Na hwaɗa mata komi."

Masu jin ra'ayin jama'a ne, ita kuwa ta ɗauka cigiya ce, irin wadda ake bayarwa a rediyo in mutum ya ɓata. Na buɗe baki zan yi mata bayani, na dubi fuskarta, na kasa.

Bayan la'asar ta dawo da mayafinta na zuwa biki, ta zauna dab da akwatin talabijin ɗinmu. Wani mai kwat ya tsaya gaban allo yana nuna sanduna ja da kore: wane ke gaba, wane ke biye. Ya ce yawancin waɗanda aka tambaya a yankinmu tsaro ne damuwarsu. Baƙinsa suka hau musu suna ƙyalƙyala dariya kamar masu gardamar ƙwallo. Wallahi ji na yi kamar in fasa akwatin. Inna ko ƙyafta ido ba ta yi, har tallar sabulu ta shigo.

"Sun gama?"

"Sun gama, Inna."

"Ba su hwaɗe shi ba."

"Ba su faɗar sunan kowa. Haɗa mutane suke yi su ƙirga."

Ta juyo gare ni.

"Ɗan hwarina ne, Sahura. Tun da na haihe shi ban taɓa kama sunanai ba, ko a gaban ubanai. Yau na kira shi da bakina, na sake maimaitawa, don kada yarinyar ta rubuta ba daidai ba."

Hawaye suka ƙwace mini. Ita ba ta yi kuka ba. Gyara zama ta yi ta ce in bar shi a kunne, ko za su tuna.